Tambayoyi da Amsoshi kan Tsara Cajin Batirin Sola da Sayar da Wuta a Birtaniya

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi maimaituwa a bakin masu gidajen da suka kafa farantan sola da batir a Ingila da Wales da Scotland, inda kuɗin wutar ƙarfe uku na dare zai iya kasa kai rabin na ƙarfe biyar na yamma. Duk inda aka ce yunit, ana nufin kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya, wato ma'aunin da mita ke ƙirgawa, kuma peni 100 ne ke yin fam ɗaya. Farashin da aka yi lissafi da shi a nan misali ne kawai, domin kamfanoni suna sauya nasu lokaci zuwa lokaci, saboda haka kowa ya yi amfani da alkaluman da ke kan takardar kuɗin wutarsa.

Mene ne farashin wuta mai bin lokaci, kuma me ya kawo shi?

Tsari ne da kuɗin yunit ke sauyawa bisa sa'ar da aka sha wutar. Ba sabon abu ba ne a Birtaniya, domin tun 1978 ake da tsarin Economy 7, wanda ke ba da awa 7 na wuta mai rahusa cikin dare. Dalilinsa shi ne buƙatar wuta ba ta tsayawa wuri ɗaya: tana hawa sosai tsakanin ƙarfe 4 zuwa 7 na yamma, lokacin da mutane suka dawo daga aiki suka ɗora girki, ta kuma faɗi bayan tsakar dare. A sa'o'in cunkoso sai an tayar da tashoshin iskar gas masu tsadar aiki, alhali cikin dare injinan da iska ke juyawa sukan samar da wutar da ba ta da masu saye da yawa. Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne zuwan mita mai aika karatu da kanta kowane rabin awa, wadda ta ba kamfanoni damar raba yini zuwa gida 48, kowane da farashinsa idan sun ga dama.

Me ake nufi da cewa batir yana sarrafa kansa?

Inbata, wato na'urar da ke sauya wutar sola da ta batir zuwa irin ta gida, idan aka bar ta a kan saitinta na asali ba ta san farashi ba. Aikinta kawai ta ciyar da gida daga sola, ta zuba rarar a batir, in batir ya cika ta tura sauran zuwa layin ƙasa, in rana ta faɗi ta koma zuƙar batir. Sarrafawa ta atomatik ita ce a ƙara mata umarni uku da za ta riƙa bi ba tare da mai gida ya taɓa waya ba: lokacin da za ta ja wuta daga layi ta cika batir, lokacin da za ta riƙe abin da ke ciki ta hana shi fita, da lokacin da za ta juye shi zuwa layi da gangan don a sayar. Umarnin tsakiya shi ne mutane suka fi mantawa, alhali shi ne ke hana batir ƙarewa da hantsi a kan wuta mai matsakaicin farashi, ya bar gida ba komai a lokacin tsada.

Waɗanne sharuɗɗa ake cikawa kafin a fara karɓar kuɗin wutar da aka tura layi?

Tsarin da ake bi yanzu shi ne Smart Export Guarantee, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2020, bayan an rufe tsohon tsarin Feed-in Tariff ga sababbin masu nema a ƙarshen Maris ɗin 2019. Hukumar Ofgem mai kula da kasuwar wuta da gas ce ke lura da shi, kuma doka ta wajabta wa duk kamfanin da ke da gidaje 150,000 ko fiye a cikin abokan cinikinsa ya sayi wutar ƙananan masu samarwa a kan farashin da ya haura sifili. Dokar ba ta ƙayyade ko nawa ba ne, shi ya sa tazarar da ke tsakanin kamfanoni take da faɗi. Ana buƙatar mita mai iya ƙirga wutar da ta fita kowane rabin awa, da takardar shaidar ingancin aikin kafawa, wadda galibi ta MCS ce, wato tsarin tantance kayan sola da masu kafa su, da kuma lambar mita ta musamman ta ɓangaren fitarwa, wadda kamfanin da zai sayi wutar ke nema wa mutum. Ba dole ba ne wanda ke sayar maka da wuta ya zama shi ne mai sayen taka, sai dai farashi mafi tsoka yawanci ana keɓe shi ne ga wanda ya haɗa duka biyun a wuri ɗaya. Tsarin bai shafi Ireland ta Arewa ba.

Akwai kuma kamfanin da ya mallaki wayoyin unguwa, irin su UK Power Networks a Landan ko Northern Powergrid a arewa maso gabashin Ingila, wanda daban yake da mai aiko da takardar kuɗi. Idan ƙarfin inbata bai wuce kilowat 3.68 ba a kan layi ɗaya, ƙa'idar G98 ta yarda a kafa sannan a sanar da shi cikin kwana 28. Idan ya wuce haka, sai an nemi izini tukuna a ƙarƙashin G99, kuma yana iya amincewa bisa sharaɗin a ƙayyade yawan wutar da za a riƙa turawa. Wannan iyaka tana shiga cikin lissafin riba kai tsaye, domin ita ce ke yanke yunit nawa za a iya sayarwa cikin awa ukun da farashi ke sama.

Tsare-tsaren farashin iri nawa ne, kuma wanne ya fi sauƙin sarrafawa?

A aikace iri biyu ne. Na farko shi ne mai tsayayyun sa'o'i, inda aka san lokacin rahusa da na tsada tun daga ranar da aka shiga. Octopus Flux na kamfanin wuta Octopus Energy, wanda aka yi shi don masu sola da batir, misali ne: rahusa daga ƙarfe 2 na dare zuwa 5 na asuba, tsada daga 4 zuwa 7 na yamma, kuma farashin sayarwa ma yana hawa a waɗannan sa'o'in yamma. Tsare-tsaren masu mota mai lantarki ma a nan suke, kamar Intelligent Octopus Go da ke ba da rahusa daga 11:30 na dare zuwa 5:30 na asuba. Na biyu shi ne mai bin kasuwar sari, kamar Agile Octopus, inda farashin kowane rabin awa yake daban, kuma ana fitar da na gobe da misalin ƙarfe 4 na yammacin yau.

Mai tsayayyun sa'o'i ba ya buƙatar komai sai jadawalin da ke cikin inbata. Mai bin kasuwa kuwa ba ya yiwuwa da hannu sai ga wanda ba shi da wani aiki, domin kullum sai an sake zaɓar gidajen rabin awa mafi arha. Ga wanda bai taɓa yi ba, na farkon ya fi dacewa a fara da shi.

Yaya ake gane ko cajin batir daga layi yana da riba?

Abubuwa uku ake haɗawa: farashin saye, asarar da ake yi wajen shiga da fita, da kuma tsufan batir. Wutar da ta shiga batir ba ta dawowa cif, domin sauya ta daga irin ta layi zuwa irin ta batir, sannan a mayar da ita, yana cinye kashi 10 zuwa 15 cikin 100 a yawancin na'urorin gida. Mu ƙaddara farashin dare peni 8 ne, na rana 27, na sayarwa 15. Idan asarar kashi 10 ce, yunit ɗin da ya fito daga batir ya tsaya a kan kusan peni 9. Mu ƙaddara kuma batir mai ɗaukar yunit 10 an saye shi fam 4,000, kuma zai jure ciko da juyewa sau 6,000, wato yunit 60,000 a tsawon rayuwarsa. Kowane yunit ya ci kusan peni 7 na kuɗin batirin ke nan, jimilla peni 16.

Da wannan lissafi, amfani da wutar a gida maimakon sayen ta peni 27 ya bar ribar peni 11, wadda ba ta da gardama. Sayar da ita peni 15 kuwa faɗuwar peni 1 ce. Sai in farashin sayarwa na yamma ya kai irin su peni 28 sannan juye batir zuwa layi ke zama ciniki. Wasu suna cewa bai kamata a ɗora dukkan peni 7 ɗin ba, tunda batir yana tsufa da shekaru ko ba a yi aiki da shi ba, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya: batirin da ake juyewa sau ɗaya a rana zai ɗauki fiye da shekara 16 kafin ya kai 6,000, alhali garantin yawancinsu shekara 10 ne. Duk da haka, gara a sa wani abu a gurbin tsufan ko da rabi ne, domin manhajar da aka ce mata tsufa kyauta ne za ta riƙa ciko da juyewa a kan ribar peni 1 ko 2, wadda ba ta kai wahalar da ake ba na'urar ba.

Da dare a cika batir fal, ko a bar wa hasken rana wuri?

Wannan ita ce tambayar da dukkan tsarin ya rataya a kanta, kuma amsarta ba ta hannun hasashen yanayi kamar yadda mutane da yawa ke zato, tana hannun farashin sayarwa ne. Yunit ɗin sola da aka zuba a batir ba kyauta ba ne, domin kuɗinsa shi ne abin da za a samu da an sayar da shi. A misalin da ke cikin amsar da ta gabata, yunit ɗin dare ya tsaya peni 9, na sola kuwa ana sayensa 15. Saboda haka abin da ya fi riba shi ne a cika batir fal kowane dare, rani da damina, a bar duk rarar sola ta tafi layi. Mai irin wannan farashi ba ya buƙatar sanin ko gobe za a yi hadari.

Idan kuwa farashin sayarwa ya faɗi zuwa peni 4, lissafin ya juya: wutar sola ta fi ta dare arha, kuma duk yunit ɗin da aka saya da dare ya tare wurin da rana za ta cika. A nan ne hasashe ke shigowa, ta hanyar ayyuka irin su Solcast da Forecast.Solar, waɗanda ke ƙiyasta abin da farantai za su samar bisa wurin gida da fuskar rufi da karkatarsa. Amma a lura cewa kuskuren hasashe ba nauyinsa ɗaya ba ta ɓangarorin biyu. Wanda ya rage caji yana jiran rana, sai gajimare ya rufe, zai sayi wuta peni 27 a maimakon 9, asarar 18 ke nan a kowane yunit. Wanda ya cika fiye da kima, sai rana ta buɗe, asararsa peni 5 ce kawai. Shi ya sa ya kamata a saita manhaja ta karkata ga ciko, ta yi aiki da hasashe mai taka tsantsan maimakon mai kyautata zato.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ma tambayar ba ta tasowa. Yinin Landan a Disamba kusan awa 8 ne, a Yuni kuwa ya haura 16, kuma abin da farantai ke bayarwa a tsakiyar hunturu ɗan ƙaramin yanki ne na abin da suke bayarwa a Yuni. A waɗannan watanni a cika kawai.

Doka ta yarda a sayar da wutar da aka saya daga layi cikin dare?

Ba laifi ba ne, amma ƙa'idar Smart Export Guarantee ba ta tilasta wa kamfani ya biya kuɗin wutar da asalinta daga layi take ba, ta bar masa zaɓi. Wasu suna biya ba tare da tambaya ba, wasu kuma sun rubuta a yarjejeniyarsu cewa wutar sola kaɗai suke saye. A karanta yarjejeniyar kafin a saita juyewa. Wanda ke kan tsohon Feed-in Tariff yana iya ci gaba da karɓar kuɗin samarwa, amma sai ya saki kuɗin fitarwa na can kafin ya shiga sabon tsarin, domin ba a biyan wuta ɗaya sau biyu.

Wace hanya ake bi wajen sarrafawar?

Mafi sauƙi ita ce jadawalin da ke cikin manhajar inbata, wanda ake samu a GivEnergy da Solis da Sunsynk da Fox ESS da Tesla da sauransu. A sa sa'ar farawa da ta tsayawa da kason da ake son batir ya kai, shi ke nan. Ga mai tsayayyun sa'o'i da farashin sayarwa mai kyau, wannan kaɗai yana kawo mafi yawan ribar da za a iya samu. Hanya ta biyu ita ce a miƙa wa kamfanin wuta ragama, kamar yadda ake yi a Intelligent Octopus Flux, inda shi ke yanke lokacin ciko da juyewa. Tana rage aiki, amma nau'o'in batirin da ake karɓa ƙayyadaddu ne, kuma mai gida ba ya da ta cewa sosai.

Ta uku ita ce Home Assistant, manhajar kyauta da ake ɗorawa a ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi a cikin gida. Ita ce ke ɗauko farashi da hasashen rana da tarihin yadda gida ke shan wuta, sannan wani ƙari da ake haɗa mata, kamar Predbat, ya tsara abin da za a yi a kowane rabin awa na yini ɗaya ko biyu masu zuwa. Wannan ita ce hanyar da ta dace da Agile, da kuma gidan da ke da mota da injin ɗumama ɗaki. Sai dai tana cin lokaci wajen saitawa da gyara duk sanda aka sabunta wani sashe, kuma ya kamata a bar ta mako ɗaya ko biyu tana nuna shirinta kawai ba tare da an ba ta ikon taɓa inbata ba, a kwatanta shirin da lissafin hannu.

Me ke faruwa idan intanet ta yanke ko manhaja ta tsaya?

Inbata tana ci gaba da bin umarnin ƙarshe da ta samu, kuma a nan haɗarin yake. Idan umarnin ƙarshe na ciko ne kuma na tsayawa bai iso ba, za ta wuni tana jan wuta mai tsada. Maganinsa shi ne kada a aika umarni maras iyaka: a rubuta wa inbata sa'ar farawa da ta ƙarewa tare, yadda ko komai ya mutu za ta tsaya da kanta. Magana da inbata kai tsaye a cikin gida, ta waya mai bin tsarin Modbus ko ta hanyar sadarwar gida, ta fi bi ta kwamfutocin kamfanin da ya ƙera ta aminci, domin waɗancan sukan yi jinkiri ko su ƙayyade yawan umarnin da za a aika a yini. Wasu inbatocin kuma suna adana saiti a ƙwaƙwalwar da ke gajiya da yawan rubutu, saboda haka kada a riƙa sauya saiti kowane minti.

A kula da agogo. Birtaniya tana tura shi gaba da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Maris, ta mayar a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Ba kowace inbata ke bi da kanta ba, kuma wasu mitocin Economy 7 ba sa sauyawa sam. Kuskuren awa ɗaya a tsarin da rahusarsa awa 3 ce ya cinye kashi ɗaya cikin uku na cajin dare.

Me ya sa batir ba ya cika kafin rahusa ta ƙare?

Yawanci ƙarfin cajin ne bai kai ba. Inbata mai caji da kilowat 3 ba za ta zuba fiye da yunit 9 cikin awa 3 ba, komai girman batirin. Sanyi ma yana da hannu: batirin lithiyam ba ya son caji a kusa da sifilin ma'aunin zafi, kuma na'urar da ke kare shi tana rage gudu da kanta idan yana gareji ko jikin bango a waje. Kada wannan ya sa a kai shi saman silin, domin ƙa'idar PAS 63100 ta 2024 ta hana ajiye batir a can da ɗakin kwana da hanyar fita, saboda gobara.

Wani lokaci kuma kason da ake gani ne ba daidai ba. A batirin LFP, wani nau'in batirin lithiyam wanda shi ya fi yawa a gidaje yanzu, ƙarfin wutar ba ya sauyawa sosai tsakanin rabi da kusan cika, saboda haka na'urar tana ƙirga abin da ya shiga da wanda ya fita ne, kuma ƙirgar tana kaucewa a hankali. Barin sa ya kai kashi 100 lokaci zuwa lokaci yana daidaita ta.

Mota tana zuƙe batirin gida idan aka sa ta caji. Yaya za a hana?

Inbata tana gane yawan wutar da gida ke sha ne ta wani ɗan maƙalli da ake ɗaurawa a babbar wayar mita, kuma a wurinta mota wani kayan gida ne kamar tukunyar lantarki. Cajar mota ta gida tana jan kusan kilowat 7, saboda haka tana iya kwashe batir mai yunit 10 cikin ƙasa da awa 3, wato an zuba wuta daga wannan batir zuwa wancan an yi asara sau biyu. Ko dai mai aikin wuta ya sake wurin maƙallin yadda inbata ba za ta ga cajar ba, ko kuma a sa umarnin riƙewa da aka ambata a amsa ta biyu ya kama duk sanda mota ta fara ja. A Intelligent Octopus Go kamfani yakan ba da ƙarin sa'o'in rahusa a wajen jadawali idan ya zaɓi cajin motar a lokacin, kuma jadawalin inbata ba ya ganin waɗannan, sai manhaja irin ta hanya ta uku.

Gaskiya ne wani lokaci ana biyan mutum don ya sha wuta?

Yana faruwa a Agile idan iska ta yi ƙarfi ko rana ta buɗe a lokacin da buƙata ta yi ƙasa, farashin sari ya faɗi ƙasa da sifili. Manhaja mai kyau takan rage batir tun kafin lokacin don ya samu wurin ɗauka. Ba abin da ake gina lissafin shekara a kansa ba ne, kuma tsarin da ke kawo wannan shi ne kuma ke kawo farashi mai zafi a maraicen hunturu da iska ta kwanta, har zuwa iyakar fam 1 a kowane yunit da kamfanin ya sanya.

Batirin zai riƙe gida idan an ɗauke wuta?

Ba lallai ba ne. Ƙa'ida ta wajabta wa inbatar da ke haɗe da layi ta daina turawa nan take idan wutar layi ta ɗauke, don kada ta kashe ma'aikacin da ke gyaran waya. Sai an yi wa gida wayoyi na musamman da ke raba shi da layi sannan batir zai ci gaba da ciyar da shi, ko dai wasu soket kaɗan ko gidan gaba ɗaya. Wanda ya yi wannan aiki ya sa wa manhaja kason da ba za ta sauka ƙasa da shi ba wajen juyewar yamma, ya kuma san cewa kowane yunit da aka ajiye don ko-ta-kwana ya fita daga cikin waɗanda ake cin riba da su. A birnin da ba a cika ɗauke wuta ba ƙaramin kaso ya isa, a ƙauyen da guguwar hunturu ke kayar da wayoyi kuwa a ƙara shi idan an yi gargaɗin yanayi.

Za a iya yin irin wannan a Najeriya?

Na'urorin iri ɗaya ne, amma lissafin daban yake. Tsarin hukumar NERC yana raba masu amfani da wuta ne bisa yawan sa'o'in da aka yi alkawarin ba su, inda rukunin A ke da awa 20 ko fiye a yini, kuma kuɗin yunit na gida ba ya sauyawa tsakanin dare da rana. Saboda haka babu tazarar farashin da za a ci riba a kanta ta hanyar zaɓar sa'a. Abin da ake saitawa a can shi ne fifiko: sola ta fara ciyar da gida, batir ya biyo baya, wutar kamfani ta shigo idan batir ya sauka zuwa wani kaso, janareta ya zama na ƙarshe. Ga wanda ke rukunin A, wanda kuɗinsa ya yi tsalle a Afrilun 2024, yana da kyau a hana inbata cajin batir daga wutar kamfani da safe matuƙar ana sa ran rana za ta cika shi, a bar mata wannan damar da la'asar kawai idan kason bai kai abin da zai kwana da gida ba. A inbatar da ke iya tura wuta waje, a tabbatar an kulle fitarwa a kan sifili muddin babu yarjejeniya da kamfanin rarraba wuta, domin wasu mitocin da ake sa wa kati suna ƙirga wutar da ta fita tamkar wadda aka sha.